Nazari Kan Koyar da Waƙar Haɗin Murya a Makarantun Firamare

Babban raunin da muke gani a littattafan Hausa na firamare shi ne kawo waƙoƙin yara a rubuce kawai, ba tare da nuna kari ko rabon amshi ba. Sakamakon haka, ɗalibai kan haɗa baki su yi ta ihu, malami kuma ya ɗauki ƙarfin murya a matsayin ƙwarewa. Alhali a waƙar gaɗa, zabiya ke bayarwa, saura su amsa da tafi, kowace na sauraren 'yar'uwarta. Tunda daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, da kunne yaro ke koyonsu. Don haka muna ba da shawarar a riƙa karɓa-karɓar jagorancin waƙa a aji, domin a ji muryar kowane yaro a gyara ta.