Israel Idonije, Sadaukin Da 'Yan Najeriya Ba Su San Darajarsa Ba

A gidajen kallon ƙwallo na Sabo, a nan Ibadan, gardama ba ta wuce Arsenal da Chelsea, sai ko Shooting Stars idan suna wasa a filin Adamasingba. Ni kam na daɗe ina cika wa samarin unguwarmu kunne da sunan wani ƙato, Israel Idonije, kuma wallahi ba zan gaji ba.

An haife shi a Legas a 1980. Yana shekara 4 iyayensa suka koma garin Brandon na lardin Manitoba a Kanada. Ƙwallon kwando ya fi so tun yana yaro, sai a shekararsa ta ƙarshe a sakandare ya shiga ƙwallon zari-ruga irin ta 'yan Kanada, wadda ake bugawa da mutum 12 a kowane ɓangare. Aka sa shi a sahun gaba, inda ƙarti ke gwabza ƙirji kamar 'yan kokawa a dandali, sai dai su kansu a cikin kwano, kafaɗunsu cikin sulke. Aikinsa ya ture duk wanda ya tare shi, ya kutsa ya kayar da mai jefa ƙwallo kafin ta bar hannunsa. Tsayinsa ya kusa mita 2, amma in ka ga ya zabura daga durƙuson da yake yi, yatsu a ƙasa, sai ka rantse nauyin nan ba a jikinsa yake ba.

A 2002, yana wasa wa Jami'ar Manitoba, ya ɗauki kambun J.P. Metras, wanda ake ba gwanin sahun gaba na jami'o'in Kanada baki ɗaya. Ƙungiyar Ottawa Renegades ta zaɓe shi a 2003, amma shi hankalinsa na kan gasar NFL ta Amurka. A nan ne ya burge ni ƙwarai. Ba a gayyace shi taron gwajin 'yan wasa ba, sai ya tashi da kansa ya je yana raba faifan wasanninsa hannu da hannu. Da ya shirya nasa gwajin, tsoron cutar SARS ya hana masu farautar 'yan wasa zuwa, in ban da na Cleveland Browns. Su suka fara ɗaukarsa, daga nan Chicago Bears suka karɓe shi, ya yi musu wasa har 2012.

Da su ya buga wasan ƙarshe na Super Bowl a Miami a Fabrairun 2007. Indianapolis Colts suka ci 29 da 17, har yau abin na yi min ciwo! A 2010 kuwa, yana gefe guda, abokin wasansa Julius Peppers na ɗaya gefen, sau 8 ya kayar da masu jefa ƙwallo. Namijin duniya, tura ta kai bango!

Bai kuma manta gida ba. Ya kafa gidauniya da sunansa, ya riƙa zuwa Najeriya da ayarin likitoci da magunguna. A 2014 lardin Manitoba ya ba shi lambar girmamawarsa mafi girma.

Samarin Sabo, ku da kuke da ƙirji da dantse, ku nemi bidiyon wasanninsa a YouTube ku sha kallo. Na yi muku alkawari ba za ku yi asarar kuɗin datarku ba.