Mayaƙin da Ba Shi da Fuska: Nazari a kan Madness Combat

A shekarar 2002 Matt Jolly ya fara sakin Madness Combat a dandalin Newgrounds, zane mai motsi wanda jaruminsa Hank ke hallaka abokan gaba gungu-gungu. Abin lura a cikinsa shi ne ƙananan mayaƙan da ake karkashewa. Mai zanen bai ba su ido ko baki ba, sai layi biyu da suka gitta juna a gurbin fuska, launinsu toka-toka, surarsu ɗaya. Dabarar ta yi aiki ƙwarai, kuma nan aibinta yake: wanda aka shafe wa fuska ba ya jawo tausayi, sai mai kallo ya koma ƙidayar gawa.

Sira ta ɗauki ran ƙaramin mayaƙi da nauyi. Usama bin Zaid ya kashe mutum guda daga Juhaina bayan ya furta kalmar shahada, Manzon Allah (SAW) ya yi ta maimaita masa zargi har Usama ya yi burin da a ranar ya musulunta.

Wannan ya shafi Dabawa da sauran ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, inda hare-haren 'yan bindiga suka raba mutane da gonakinsu. Shari'a ta halatta kare kai, ta kuma tanadi hukuncin hiraba. Amma bidiyon gawarwaki da ke yawo a WhatsApp da lakabin “ɓarayin daji” yana yi wa mamatan abin da Jolly ya yi da alƙalami, alhali alƙali ba ya yanke hukuncin jini sai ya san sunan wanda ake tuhuma da laifin da aka tabbatar a kansa.