Maɓalli Ɗaya, Iyayen Gida Biyu

Masu sharhin wasannin bidiyo sun saba raina menu. A ganinsu wasa shi ne gudu da harbi da zura ƙwallo, shafin zaɓi kuwa ado ne da kowane ɗan koyo zai iya haɗawa. Da sun zauna a ɗakunan wasa na Birnin Ƙonni ko Malbaza, inda samari ke biyan kuɗi su buga PES ko FIFA a PlayStation, da sun ji yadda gardama ke tashi a kan tambaya guda: in an danna maɓalli, wa ke da shi, filin wasa ko menu?

Tambayar ta daɗe. Atari 5200 ta sa maɓallin dakatarwa a jikin manet, wato abin da ake riƙewa a buga wasa, a 1982. Famicom ta Nintendo, a 1983, ta hana manet ta biyu Start, wato ɗan wasa na farko kaɗai ke iya tsayar da wasa.

Inda gwaninta take shi ne lokacin rufe menu. A FIFA, maɓallin O ne fita daga menu, kuma shi ne harbi. Wasa na duba manet wajen sau 60 a daƙiƙa, yatsa kuwa ba ya ɗaguwa da wannan sauri. In mai rubuta manhajar ya yi sakaci, dannawa ɗaya za ta yi aiki biyu: ta rufe menu, ta kuma doka ƙwallo waje. Kowane injin haɗa wasa da dabararsa. A Unity ana kashe rukunin maɓallan wasa, a kunna na menu. Godot na da ƙofar da ba ta karɓar komai sai abin da menu ya bari, ko da yake wanda ke tambayar manet kai tsaye ya tsallake ƙofar, ya janyo wa kansa matsala. Na fi son tsarin Unreal: kowane rukuni da lambar fifikonsa, babba ya riga ƙarami, sannan maɓallin da aka sauya rukuni yana danne ba a sauraronsa sai an sake shi. Wannan ɗan jinkirin shi ne aikin, don ya yi la'akari da yatsan mutum, ba da lissafin na'ura kawai ba.

Masoya Dark Souls na 2011 suna cewa a bar wasa ya ci gaba ko da menu na buɗe. Wannan maganar mai wasa shi kaɗai a ɗakinsa ce.

A Ƙonni mutum biyu ne a gaban allo ɗaya, da 'yan kallo a bayansu. A nan fifikon maɓalli ya zama shari'a tsakanin abokan hamayya. Konami da EA, masu PES da FIFA, sun san haka, don a wasan intanet ba sa barin mutum ya tsayar da wasa yadda ya ga dama, kuma adadin tsayarwar ƙayyadadde ne. Amma in kuna zaune kafaɗa da kafaɗa, abokin karawarka na iya danna Start daidai lokacin da ka fuskanci gola, wai zai canza ɗan wasa. Kamfanonin sun ɗauka kunya za ta hana. Ba ta hanawa in akwai kuɗi a ƙasa. Mai ɗakin ne ke kafa dokar da baki, ba tsayarwa sai ƙwallo ta fita, alhali kuwa dokar na nan rubuce cikin manhajar, an dai kulle ta ne a ɓangaren intanet.