Sarauniyar Madurai: Nazarin Hikayar Minakshi da Ibadodin Haikalinta

A kudancin ƙasar Indiya, cikin jihar Tamil Nadu, a bakin kogin Baigai, akwai wani tsohon birni da ake kira Madurai, wanda a zamanin dā shi ne mazaunin sarakunan Pandiya. A cibiyarsa kuwa haikalin allahiya Minakshi ne zaune da hasumiyoyinsa 14, mafi tsawonsu ta kudu ta haura mita 50, titunan gari suna kewaye da shi layi bayan layi. A galibin haikalan Shiba, abin bautar mabiya addinin Hindu, na wannan yanki miji ne ke gaba, matarsa tana da ɗaki a gefe, amma a nan al'amarin ya juya, domin mai ziyara sai ya fara kai gaisuwa ga Minakshi, sanamin koren dutse mai riƙe da aku, kafin ya wuce wurin mijinta. Har ma Tamilawa suna da wata ba'a, in suna son sanin wanda ke da ta cewa a gidan mutum, sai su tambaye shi ko gidansa Madurai ne ko Cidambaram, wato garin da Shiba ke da rinjaye.

Asalin wannan fifiko, a bisa ruwayar ma'abota wurin, wadda marubuci Paranjoti ya tsara a littafinsa na wasannin Shiba 64, shi ne cewa wani sarkin Pandiya, Malayadwaja, da matarsa Kancanamala sun daɗe ba haihuwa, har suka hura wutar hadaya suna roƙon ɗa namiji. Sai ga yarinya 'yar shekara uku ta fito daga cikin wutar da nono uku. Sarki ya yi baƙin ciki, amma wata murya ta umarce shi ya rene ta renon ɗa namiji, ta kuma yi masa bushara cewa nono na ukun zai ɓace ran da ta haɗu da mijinta. Ta girma ta gāji sarauta, ta ɗaura yaƙi ta ci kowace kusurwa ta duniya, har ta kai dutsen Kailasa, mazaunin Shiba; da suka yi ido huɗu sai alamar ta tabbata, jarumar da ba ta taɓa sunkuyar da kai ba ta sunkuyar. Shiba ya biyo ta Madurai, aka ɗaura aure, ya zauna yana mulki tare da ita da laƙabin Sundareshwara.

Mai karatu na ƙasarmu ba zai rasa tuna Daurama da baƙon da ya zo ya aure ta ba. Sai dai a Daura sarauta ta koma hannun maza daga nan, alhali a Madurai ba a taɓa yanke mas'alar ba, ana ta maimaita ta ne cikin ibada. Wannan kuwa shi ne abin lura a ganina: ta'adodin haikalin nan yarjejeniyoyi ne tsakanin masu iko biyu, waɗanda aka ɗinke cikin bauta domin kada su warware. A watan Citirai, wanda ke faɗowa tsakanin Afrilu da Mayu, ake naɗa Minakshi, ta riƙe gari wata huɗu, sa'an nan a watan Abani a naɗa mijinta ya karɓa. Ranar naɗinta kuma akan miƙa sandar mulki daga gare ta ga sarkin zamani, ya zaga da ita ya mayar, alamar shi wakili ne kurum. Yau da babu sarki, shugaban amintattun haikalin ne ke karɓa.

Ko cikin ibadar yau da kullum haka abin yake. Kowane dare, bayan an gama hidimomin yini, limamansu sukan sanya abin da ke wakiltar mijin cikin wata 'yar rumfa mai labule da maza ke saɓawa a kafaɗa, a bi farfajiya da shi da ganguna da algaita irin tasu, ana ƙona turare ana yi masa fifita, har ƙofar ɗakin kwanan matar, domin shi ne ke zuwa turakarta. Kuma kafin a rufe ƙofa sai an cire mata ƙawanyar hanci, wai kada ta karce shi. C. J. Fuller, wanda ya zauna da limaman ya wallafa littafi a kansu a 1984, yana cikin masanan da suka yi bayanin cewa a i'tiƙadin mutanen allahiya marar miji zafi gare ta, shi ya sa irin su Mariyamman ta ƙauyuka, wadda ake jingina wa cutar agana, akan yanka musu akuya da zakara, ita kuwa Minakshi, da aure ya sanyaya ta, shinkafa da madara da furanni ake kai mata. Ashe dai rakiyar daren nan ba shagali ba ce a wurinsu, kariya ce ga gari.

Ginin da ake gani yanzu bai kai hikayar tsufa ba. A 1311 Malik Kafur, sarkin yaƙin Sultan Ala'uddin Khalji na Delhi, ya kai hari Madurai ya kwashe dukiya, daga baya kuma wata ƙaramar daular Musulmi ta kafu a birnin wajen 1335. Ibn Battuta, wannan dai da ya zo Takedda daga bisani, surukin wanda ya kafa ta ne, ya kuma sauka garin ya rubuta zaluncin Sultan Giyasuddin ba tare da ya ɓoye ƙyamarsa ba. Rundunar masarautar Bijayanagara ta rushe daular kafin ƙarshen ƙarnin, sa'an nan sarakunan Nayaka suka sāke gina haikalin a ƙarni na 16 da na 17.

Mafi hikimarsu shi ne Tirumala Nayaka, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1659. Ya tarar da bukukuwa biyu da ba su haɗa hanya ba: auren Minakshi na mabiya Shiba a cikin birni, da fitowar Alagar, wata siffa ta Bishnu, wanda haikalinsa ke gindin dutse kimanin kilomita 20 daga gari, abin bautar mutanen karkara, musamman ƙabilar Kallar. Sai ya matso da auren zuwa Citirai, ya karkato da tafiyar Alagar zuwa Madurai, bukukuwan suka zama ɗaya. Bakin jama'a ya ƙarasa sauran: wai Alagar wan amarya ne da ya taho ɗaurin aure ya makara, da ya iso bakin Baigai bisa dokin zinariya ya ji an riga an shafa, sai ya yi fushi ya ƙi ƙetarewa cikin gari. Da safiyar cikar wata dubban ɗaruruwa ke cika kogin, wasu da salkunan fata suna fesa masa ruwa, manoma kuwa idonsu na kan launin alharinin da aka sa masa, domin in kore ne sun yi fatan damina mai albarka.

Malaman haikali ba su yarda da zancen makara ba. A tasu ruwayar Alagar ya zo ne ya kuɓutar da wani mai zuhudu da aka la'anta ya zama kwaɗo, kuma ai akwai Bishnu na Tirupparankunram da ya riga ya halarci auren ya ba da amarya. Ni kuwa ruwayar talakawa ta fi kama hankalina, saboda ta faɗi gaskiyar zaman: ɗan karkara dangi ne, ana girmama shi, amma iyakarsa bakin kogi. Ita ce kuma ta ƙara da cewa yakan kwana a Bandiyur wurin wata masoyiyarsa Musulma, Tulukka Nacciyar, ta haka aka samar wa zamanin sultanai ma gurbi a cikin bikin.

Akwai dai waɗanda wannan sulhu bai haɗa da su ba, wato jinsunan da ake ɗauka ƙazantattu, waɗanda suka yi ƙarnoni ba su da izinin taka ƙofar haikalin. Ran 8 ga Yuli 1939 wani lauya Barahmane, Baidyanata Iyer, ya shiga da 'yan ƙalilan daga cikinsu, gwamnatin lardin Madras ta Rajagopalacari ta kuma yi doka ta kāre shi daga ƙara. Mafi yawan limaman suka ce wuri ya ƙazantu, suka ƙaurace wa aikinsu, aka kawo wasu suka riƙe hidima, ba su koma ba sai a 1945.