Ƙullaci: Kalmar da Marubutanmu Ke Yi wa Riƙon Sakainar Kashi

Sau da yawa idan muna nazarin littattafanmu na hikaya, mukan tarar marubuci ya jera haushi da takaici da ƙullaci kamar duk abu ɗaya ne. Alhali kuwa Bahaushe ya bambanta su. Haushi kamar wutar kara yake, yanzu ya tashi, an jima ya mutu. Takaici shi ne a cuce ka, kana ji kana gani, ba ka da ikon ramawa. Shi kuwa ƙullaci, takaici ne da aka adana a zuci ana jiran rana.

Asalin kalmar ma ya isa ya nuna mana haka. Daga ƙulli ta fito, irin wanda mata ke yi a haɓar zane don kada kuɗi su zube. An ƙara mata ɗafin "-ta" ta zama ƙullata, kamar yadda tsoro ya ba mu tsorata. Harafin "t" kuma yakan koma "c" a gaban "i" ko "e", shi ya sa muke cewa ya ƙullaci wane, ko ya ƙullace shi, daidai da sata, saci, sace. Ashe mai ƙullaci ɗaure zaluncin da aka yi masa ya yi, don kada ya ɓace masa.

Mu dubi Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Abubakar da Zainab. Da haushi kawai Abubakar ya ji, da labarin ya ƙare tun a farkonsa. Sai ya ƙulla abin a ransa, ya shiga duniya neman asirin ramuwa, har masifar ta faɗa kan Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ƙullin nan shi ya riƙe littafin tun daga farko har ƙarshe.

To, a nan ne da yawa daga cikinmu ke tuntuɓe. Sai a ce mana uwargida ta ƙullaci mijinta saboda ya fifita amarya, a babi na gaba mu gan su suna raha, ba a nuna mana wanda ya kwance ƙullin ba. Ƙulli ba ya kwance kansa. Ko dai a rama, ko a nemi gafara, ko a bar wa Allah, kuma wajibi ne mai karatu ya ga yadda aka yi.

Shawararmu ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, ita ce: kafin ku rubuta "ta ƙullace shi", ku tanadi babin da za a kwance. In ba ku da shi, haushi ya wadatar. Allah Ya sa mu dace.