Ina Manhaja Take Fara Dubawa?

A shagunan buga takardu na Fagge da Sabon Gari akwai ƙorafin da ya zama jiki: an gama aiki tsaf a wannan kwamfuta, an kai shi waccan a filash, sai ƙ da ɗ da ɓ suka rikiɗe suka zama wasu alamomi. Mai shago zai ce kwamfutar ce ta yi gardama. Gaskiyar magana, manhajar ta je inda aka ce ta duba, ba ta tarar da salon haruffan da aka yi aikin da shi ba, ta ɗauki wanda ya sawwaƙa. Waɗanda suka yi zamani da haruffan Rabi'at da Abdalla, na Farfesa Abdalla Uba Adamu, sun san wannan sarai. Haruffan sun yi wa rubutun Hausa babbar hidima, amma sai an girka su a kowace na'ura.

Tushen lamarin wata tsohuwar al'ada ce ta masu ƙera manhaja. Kowace manhajar rubutu tana zuwa da jerin foldojin da za ta leƙa, ɗaya bayan ɗaya, idan tana neman fayil. An fi ganin haka a fili a manhajojin da tushen rubutunsu yake a buɗe.

Mu ɗauki manhajar rubutu ta Vim, wadda Bram Moolenaar, mutumin Holan, ya fitar a 1991. Lokacin da ake harhaɗa ta, ana samar da wani ɗan fayil mai suna pathdef.c, a rubuta mazauninta na asali a ciki. Sannan akwai jerin da ake kira runtimepath, wanda a Linux yake farawa da foldar mai amfani, wato ~/.vim, kafin ya kai ga ta kowa da kowa. GNU Emacs ta Richard Stallman, wadda ta fito a 1985, ita ma tana da irin nata a epaths.h, kuma ana iya sauya jerin daga waje da EMACSLOADPATH ba tare da an taɓa tushen ba.

A ganina hikimar tana cikin wannan jerantawa. Abin da mutum ya ajiye da hannunsa shi ake fara gani. Na masu manhaja yana biyo baya. Kamar tela ne da zai fara duba yadin da mai ɗinki ya kawo kafin ya nufi Kantin Kwari. Saboda haka wanda ya buɗe tushen manhaja ya dasa sunan foldarsa a ciki ya ɗora wa kansa wahala: duk sabon fitowa sai ya sake, kuma abin da ya harhaɗa a na'urarsa kaɗai zai yi aiki daidai.

Amma al'adar tana da aibi, kuma ba ƙarami ba. Jerin asali zato ne na mai ƙerawa game da wanda zai zauna gaban allo. A Unix, hanyar neman fayil ta Vim tana ɗauke da /usr/include, ma'ajiyar masu rubuta harshen C. Ƙamusun duba kuskure da take zuwa da shi na Ingilishi ne. Mai buga wasiƙa ko littafin Hausa ba ya cikin lissafin. Kuma zaton yana da wuyar kauwa: ƙa'idar XDG, wadda ta tanadi a tattara saituna a ~/.config, ta fito tun 2003, amma sai 2024 Vim ta karɓe ta, bayan rasuwar Moolenaar a 2023.

Unicode ta riga ta ba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ gurbinsu na dindindin, don haka rabin matsalar rikiɗewar haruffa ya kau. Ragowar tana hannun masu gyara da masu girka manhaja a Sabon Gari da Titin Beirut, waɗanda na'urori da yawa ke bi ta hannunsu kafin su isa ga jama'a. Kira nake gare su: kafin ku miƙa kwamfuta, ku sa mata madannan Hausa da salon haruffa mai bin Unicode, ku kuma nuna wa mai ita foldar da kayansa suke zaune.