Mun ji ƙarar salansa, a nuna mana taya

Jiya da dare na sake cin karo da irin bidiyon nan. Matashi ya jingina da Lamborghini, abokinsa na ciki yana taka totur, salansa na ruri, shi kuma sai "kun ji? kun ji?" Mun ji, ɗan'uwa. Minti takwas ana zagaya mota, an nuna kujera, an nuna maleji, an faɗi sakan nawa take kai gudun kilomita 100. Ba wanda ya sunkuya ya dubi taya.

Kun san ni da wannan ƙorafi, kuma ba zan gaji ba. Duk ƙarfin injin nan, duk tsadar birkin nan, ta ina suke taɓa kwalta? Ta roba huɗu. Roba kuwa tsufa take ko ba a hau ta ba. Motar gayu ta fi kowace mota zaman gareji, sai zanen tayarta ya yi ta ƙyalli kamar sabo alhali ta bushe ta ƙandare.

Ku tuna Paul Walker na fim ɗin Fast & Furious. A Nuwamban 2013 ya rasu a Kalifoniya cikin Porsche Carrera GT, abokinsa Roger Rodas na tuƙi. Masu bincike sun ce gudu ne ya yi yawa, sun kuma gano tayoyin da suka kai shekara 9 a jikin motar. Mota mai tsadar gidan sama, an bar ta da tsohuwar roba! Haka Diogo Jota na Liverpool da ƙaninsa André Silva suka rasu a Yulin 2025 a lardin Zamora na Sifaniya, 'yan sanda sun ce alamu sun nuna taya ce ta fashe wa motarsu Lamborghini lokacin da suke wuce wata mota.

Na yarda, motocin yanzu akwai na'urar hana santsi, kuma birkinsu ba wasa ba. Ni ma in na ji rurin nan sai na waiga, ba zan yi ƙarya ba. To amma kwamfuta ba ta faci.

Abin haushin, duba shekarun taya bai kai wahalar ɗora bidiyo ba. Lambobi huɗu ne a gefenta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23, shekarar 2019. Kamfanonin mota da dama na cewa a canja bayan shekara 6 ko da zanen bai cinye ba. Balle a nan, inda zafin Afrilu ke gasa kwalta, ga ramuka, ga tayar Kwatano da ta gama aikinta a Turai kafin ta iso.

Masu yi mana bidiyon mota, don Allah a na gaba ku durƙusa ku haska mana lambobin nan huɗu tukuna, sannan ku taka totur.